Sharar Asabar a Ƙofar Bernheim

Kwalbar man goge tagulla. Tsumma biyu, na shafawa da na gogewa. Tsohon buroshin haƙori. Ƙaramin matashi saboda gwiwa. Burodi mai kitso da aka gasa jiya, a naɗe cikin tawul. Wasiƙar kwamiti. Mabuɗin gida.

Kayan da ke jakar Waltraud Kienzle ke nan, jakar kuwa tana kan cinyarta cikin jirgin ƙasan safe da ya taso daga Stuttgart. Saura tasha huɗu a kai Murrbach, garin da aka haife ta. Rabonta da shi shekara shida, tun jana'izar mahaifiyarta.

Wasiƙar ba ta da tsawo. Kwamitin masu tunawa da Yahudawan garin ya dasa duwatsu uku masu fuskar tagulla a daɓen ƙofar gida mai lamba tara, gidan da ta girma a ciki, inda wanta Ottmar yake zaune shi kaɗai yanzu. Kowane dutse yana ɗauke da sunan mutum ɗaya daga iyalin Bernheim, masu gidan na da, waɗanda aka kwashe a ƙarshen Nuwamban 1941 aka kai Riga aka kashe. Jikarsu za ta zo daga Haifa ran Asabar da ƙarfe goma sha ɗaya. Mahaifinta ne kaɗai ya tsira, don an fitar da shi daga ƙasar yana ɗan shekara goma sha huɗu, kuma bara ya mutu bai sami wanda zai gaya masa yadda iyayensa da ƙanwarsa suka bar gidan ba. Kwamitin yana tambaya ko akwai wanda ya san wani abu game da wannan rana.

Ottmar ya amsa musu da layi ɗaya, cewa bayan yaƙi aka haife su. Gaskiya ne. Amma Waltraud ta sani.

Tun suna yara, abin da ake ce musu shi ne mutanen sun tashi. Ina suka koma? Sun tashi dai, ci abincinki. Sai kwana uku kafin mutuwarta, a gidan kula da tsofaffi, Mama ta kama hannun Waltraud ta faɗa mata, ba kuka, ba rage murya, kamar mai ba da labarin ranar kasuwa. Baba ne ya kai su tasha a amalanken dokinsa, don shi ne mai dakon garin, gurguwar ƙafarsa ta hana a ɗauke shi soja. Hukuma kuwa ta riga ta ba Baba da Mama gidan tun mako guda kafin nan. Saboda haka da safen ranar, mutanen suna tsaye sanye da kwat, akwatuna a ƙasa, suna jiran amalanke, Mama ta shiga da tef ɗinta tana auna tagogi don ta ɗinka labule.

Ottmar kaɗai ta gaya wa, ya ce tsohuwa ce ta ruɗe. Yau ta ƙudura za ta faɗa wa baƙuwar. Tun daga Stuttgart take jera kalmomin a ranta, da ta iso kan tagogi sai su watse.

Ƙarfe tara saura ta sauka. A wannan yanki Asabar ranar shara ce tun kafin a haifi kakanninta. Kowane gida ya share daɓen ƙofarsa har bakin kwata, wanda bai share ba kuwa ba mai ce masa komai, sai dai a sani. Titin coci duk an gama, ƙofa bayan ƙofa tas, ko ganye ɗaya babu. Sai lamba tara.

Ganyen bishiya ya taru a jikin bango, ya rufe rabin daɓen. A tsakiya ga duwatsun nan uku a jere, kowanne bai wuce tafin hannu ba, tagullar ta dushe ta koma launin tsohon kwabo. Har da tsakuwa a kansu, ɗaya a kan kowanne, kamar yara sun yi wasa sun tafi.

Fuskarta ta ɗauki zafi. Shekara hamsin Ottmar bai taɓa tsallake Asabar ɗaya ba. Ranar da aka yi masa aikin ƙugu, daga gadon asibiti ya buga waya ya sa maƙwabci ya share masa. Yau da baƙuwa za ta zo daga wata duniya, yau ya ga damar bari. Da gangan ne, ba ta ko shakka.

Ba ta ƙwanƙwasa ba. Ta tura ƙyauren lungu, ta ɗauko tsintsiya daga ƙusar da ake rataye ta tun zamanin Baba, ta share daɓen daga bango zuwa kwata, ganye da ƙasa da tsakuwa, ta kwashe ta kai bayan gida ta juye a kwandon shara. Sannan ta ajiye matashi, ta durƙusa.

Moritz Bernheim, dillalin shanu ne a da, haihuwar 1889. Klara Bernheim, 1896. Lotte Bernheim, 1930. Ta shafa mai, ta jira ya bushe, ta goge. Ta bi kowane harafi da buroshin haƙori. Sanyi ya kama yatsunta, gwiwa ta fara ƙara, amma aikin ya yi mata daɗi, irin daɗin da ba ta ji ba tun da wasiƙar ta zo. Wannan dai ta iya shi. Da ta miƙe, sunayen suna walƙiya ana hango su daga ƙofar coci.

Ta sami Ottmar a kicin yana kwashe tokar murhu cikin bokiti. Ya ƙara ƙiba, ya ƙara sanƙo. Bai tashi ba, ya dube ta ta saman tabarau.

"Manyan Stuttgart. Ashe har yanzu jirgi yana tsayawa a ƙauye."

Ta ajiye burodin a tebur, ta ce yana tsayawa, ga shi ma ta iso ta tarar da ƙofar gida kamar ta mahaukata. Ottmar ya miƙe. Ya fita da bokitin, ta ji ƙarar murfin kwandon shara, ya dawo yana kaɗe hannu. Sannan ya fara abin da ta san zai fara. Mama ta mutu, Baba ya mutu, su ma mutanen sun mutu, to wa za a tayar? Matar nan za ta ɗauki hoto, ta sha kofi, ta koma ƙasarsu mai rana. Shi kuwa a titin nan zai ci gaba da sayen burodi, kuma in maganar ta kai kunnen kwamiti sai ta shiga ƙaramin littafin da suke bugawa, da sunan Kienzle a ciki. Mama ma tana da shekara ashirin da biyu ne lokacin, suna zaune a ɗaki ɗaya bayan bargar dawaki. An ce mata ga gida. Me za ta ce?

Waltraud ta ce ba a ce mata ta zo da tef ba.

"Ke dai kin fi kowa tsarki, Traudel. Tun kina ƙarama." Traudel shi ne sunan da ake kiranta da shi a gida.

"Da ka share ƙofarka, da ban ce maka komai ba. Ni na share maka."

Ya tsaya da tsumman hannu a riƙe. Ya tambaye ta ko duka ta share. Ta ce duka, har ta goge tagullar, in yana so ya je ya duba fuskarsa a ciki. Ottmar ya yi wata 'yar dariya ta hanci wadda ba daɗi a cikinta, ya buɗe baki zai yi magana, sai ya dubi taga ya fasa.

"Ga baƙuwarki nan. Ta yi sammako."

Gajeriyar mace ce mai askin maza, gashin duk furfura, sanye da jan kwat da takalman tafiya. Tana tsaye a kan duwatsun, hannayenta a aljihu. Waltraud ta fita, ta miƙa hannu, ta faɗi sunanta. Matar ta ce ita Tirza Bernheim, kuma ta san ta zo da wuri, zaman masauki ne ya ishe ta. Jamusancinta ya sa Waltraud ta ɗan ja baya. Ba na littafi ba ne, na garin nan ne, na tsofaffin da suka ƙare, irin wanda Baba yake yi da doki. A bakin mahaifinta ta koya.

Tirza ta yaba gugar. Ta ce jiya ba haka suke ba, ko wa ya yi ya sha wahala. Waltraud ta ce ba komai ba ne, ta ji wani sanyi a ƙirjinta kamar yarinyar da malama ta yaba wa rubutu. Sai matar ta duba gefen bango, ta duba kwata, ta sake duba duwatsun.

"Frau Kienzle, ba ki ga wasu tsakuwoyi a nan ba? Guda uku."

Ta yi bayani a taƙaice, ba tare da ta ɗago kai ba. Su ba sa kai fure kabari, tsakuwa suke ajiyewa. Waɗannan ukun ba su da kabari, nan ne kawai inda aka rubuta sunansu. Kafin ta taso ta je wurin mahaifinta a maƙabartar Haifa, ta tsinci uku daga gefen kabarinsa, ta zo da su cikin safa. Jiya da la'asar daga tasha nan ta wuto kai tsaye, ko masauki ba ta je ba, ta ajiye wa kowa tasa.

Waltraud ta ji bakinta yana magana. Ya ce wataƙila motar sharar hukuma ce, takan wuce da asuba, ba sa lura da komai, za ta kai ƙara ofishinsu ran Litinin. Maganar ta fito sumul, ba gargada, da murya mai taushi irin ta masu ba da haƙuri. Ta san muryar. Da ita ake ce musu mutanen sun tashi.

Tirza ta gyaɗa kai. Ta ce to, ba laifi.

"Motar shara ba ta hawa daɓe, Traudel." Ottmar ne a bakin ƙofa, da silifas a ƙafa. "Kuma Talata take zuwa."

Bai dubi ƙanwarsa ba. Ya gaya wa baƙuwar cewa jiya yana bayan labule ya ga lokacin da ta durƙusa. Bai san ma'anar abin ba, amma ya ga yadda ta ajiye su, shi ya sa yau ya bar tsintsiya a ƙusa, ya ce titi ya yi ta magana. Yanzu dai suna cikin kwandon shara a bayan gida, kuma ya juye toka a kai, don bai sani ba sai bayan ya juye.

Waltraud ta so daɓen ya buɗe. Ta ce ita ce, ita ta share, ta ɗauka yara ne. Ta ce ta yi ƙarya, ba ta san dalili ba. Wannan ma ƙarya ce, ta san dalili.

Tirza ta daɗe tana kallonta. Sannan ta fitar da hannayenta daga aljihu, ta fara naɗe hannun kwat.

"Babana ya sha gaya mini. Ya ce mutanen Murrbach ko duniya za ta tashi ran Asabar, sai sun gama shara za su fito kallo. Ina kwandon?"

Ƙyauren lungu ya yi wa Ottmar nisa da ƙugunsa, sai ya bi da su ta cikin gida. Haka jikar Moritz Bernheim ta fara shiga gidan kakanta: ta ƙofar gaba, ta doguwar baranda, ta wuce matakalar bene ba ta tsaya ba, ta fita ta ƙofar kicin zuwa inda ake zubar da shara.

Ottmar ya shimfiɗa tsofaffin jaridu a ƙasa, ya kifar da kwandon. Toka ta tashi ta bi musu fuska. Ƙarƙashinta ganye ne jiƙaƙƙe, da ɓawon dankali, da garin kofi, da ƙasusuwan kaza na kwana uku. Ya miƙa wa Waltraud safar hannu, ta ƙi karɓa. Ta durƙusa a kan siminti, ba matashi, ta sa yatsu. Tirza ta tsuguna a ɗaya gefen.

Ta farko ba ta yi wuya ba, tana cikin ganye. Tirza ta goge ta a jikin kwat ɗinta, sai ga ta fara mai ɗan rawaya, ba irin tsakuwar ƙasar nan ba. Ta biyu Ottmar ne ya hango ta daga tsaye, ya nuna da bakin silifas. Ta uku ta ƙi fitowa. Suka juya tarin sau biyu. Waltraud ta bi ɓawon dankali ɗaya bayan ɗaya, ta murje dunƙulen toka tsakanin yatsu, farcenta ya yi baƙi. Can ta ci karo da wata mai girman ƙwan tantabara, ta tofa mata yawu ta goge, ta miƙa da sauri.

Tirza ta duba, ba ta karɓa ba.

"Wannan taku ce."

Toka-toka ce, irin wadda ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara. Waltraud ta gan ta sarai kafin ta miƙa. Ta mayar da ita cikin sharar.

Ottmar ya shiga rumfar kayan aikinsa ya fito da rariyar yashi. Ya ce su shiga ciki su wanke hannu, sanyi ya yi yawa ga mutanen ƙasar rana, shi zai tankaɗe tokar gaba ɗaya, in tana nan za ta fito. Da Tirza ta shige kicin, ya riƙo gwiwar hannun ƙanwarsa, ya yi ƙasa da murya.

"Ta ga abin da ya ishe ta yau. Ki ba ta kofi, ki yanka mata burodi, ki raka ta ƙofa. Tsakuwa ɗaya ta isa abin kunya."

Ta zare hannunta, ta bi bayan Tirza.

A kicin Tirza ta wanke tsakuwoyin biyu kafin ta wanke hannunta, ta ajiye su a kan tebur kusa da burodin. Waltraud ta ɗora ruwa. Ta ɗauko kofuna biyu, ta mayar da ɗaya don bakinsa ya ɓalle, ta ɗauko wani. Ƙofar bayan gida a buɗe take, ana jin ƙarar rariya, shaa, shaa, sai ta tsaya, sai ta ci gaba.

Baƙuwar tana tsaye tsakiyar ɗakin tana dubawa. Ta ce murhun ba a nan yake ba a da, a wancan bangon yake. Mahaifinta ya zana mata ɗakin nan a bayan takardar magani, shekarar da ya fara mantuwa. Tagogi biyu, in ji shi, masu kallon titi, mahaifiyarsa tana zama a ta hagu don ta fi haske, daga nan take hango shi in ya taso makaranta. Ta matsa ta taɓa katakon tagar da yatsa biyu, ta ɗan ɗaga labulen, ta sake shi.

Waltraud ta dubi tagar. Faɗinta ya fi hannun mutum ɗaya. Wannan ne abin da ba ta gaya wa ko Ottmar ba, abin da Mama ta faɗa a ƙarshe, tana ɗan murmushi kamar mai tuna kirkin maƙwabciya. Tef ɗin ya yi ta zamewa, ta kasa riƙe baki biyu ita kaɗai. Sai Frau Bernheim, wato Klara, ta ajiye jakar hannunta a kan akwati, ta zo ta riƙe mata ɗaya bakin. Mita ɗaya da ashirin. Ta kuma ce mata ta ƙara tsawo kaɗan, don yadin labule yana tsukewa in an wanke.

Ruwa ya tafasa. Waltraud ta zuba a kan kofi, har ya ɗiga a tebur.

Tirza ta ja kujera ta zauna. Ta ce kwamiti ya nuna mata amsar Herr Kienzle, wato Ottmar, kuma ta fahimta, bayan yaƙi aka haife su, ba ta zo tuhumar kowa ba. Ta je Riga, ta ga dajin da aka kashe su, ta karanta takardun da suka rage. Ƙarshen ta san shi. Farkon ne babu. Mahaifinta har ya mutu ƙananan abubuwa yake tambaya: da ƙafa suka tafi tasha ko a mota, an yi ruwa ko ba a yi ba, Lotte ta sa hula, akwai wanda ya yi musu magana a titi. Ta juya ɗaya tsakuwar da ɗan yatsa.

"Na san ba wanda ya rage. Na tambaya ne kawai don in ce na tambaya."

Ta ba ta hanyar fita, a buɗe, ba ko tuntuɓe. Waltraud tana iya cewa haka ne, abin takaici, ta yanka burodi. Matar za ta ci, ta yaba, ta ajiye tsakuwa biyu a ƙofa, ta kama jirgin ƙarfe uku. Ba wanda zai kama ta wannan karon, don Ottmar ba zai fito da silifas ya gyara mata zance ba. Awa ɗaya da ta wuce ta ji yadda ƙaryar take fitowa daga bakinta ba wahala, a kan abin da bai kai wannan ba, kuma matar ta gyaɗa kai ta ce ba laifi.

A waje ƙarar rariya ta tsaya. Ba ta ci gaba ba. Yana saurare.

Waltraud ta ajiye butar kofi. Ta goge hannunta a siket, har yanzu da toka a ƙarƙashin farcen. Ta taka zuwa ƙofar bayan gida. Ottmar yana tsaye da rariya a hannu, fuskarsa fara fat da toka, yana girgiza mata kai a hankali. Ta rufe ƙofar, ta murɗa mabuɗi.

"Frau Bernheim, akwai wadda ta gani. Mahaifiyata tana cikin ɗakin nan da safen ranar, mahaifina kuma shi ya kai su tasha. Zan faɗa miki duka, kuma ba zan gyara komai ba."